Makarantar da ta zo cikin kwalin ashana

Daren jiya maigida ya shigo da wata takarda a aljihun kakinsa, bai ce uffan ba ya aje ta bisa firij. Shekara ashirin da ɗoriya ina auren soja, ba sai na warware ta ba. Sigina ce, an sake canza mana wurin aiki. Na ce, "Baban yara, ina kuma aka jefa mu?" Ya faɗa mini, na ce Allah ya sa haka shi ya fi alheri, na ci gaba da kwasar tuwo. Amma hankalina ba ya kan tukunya, ba ya kan katifu da kwanukan da za a sake ɗaurewa. Yana kan yarona da ke tsakiyar zango na biyu a SS1.

Ni 'yar Argungu ce, aure ne ya yi yawo da ni. Jaji, Maiduguri, barikin Dukku a Birnin Kebbi, sannan nan Gusau. Babbar 'yata, wadda ba zan kama sunanta ba don 'yar fari ce, makaranta shida ta shiga kafin ta gama sakandare. Har yau akwai wata tsohuwar adaka da na tara rigunan makarantunta a ciki, shuɗi da kore da ruwan toka, kowace da bajonta. Mutanen gari suna ganin 'ya'yan bariki 'yan gata ne, tunda akwai makarantun soja. Akwai su kam, amma ba kowane bariki ke da babbar sakandare ba, inda take kuma gurbi ya yi kaɗan. Ita ko sigina ba ta san zango ba, ba ta san jarrabawa ba. Ranar da ta ga dama take zuwa.

Abin da canjin makaranta ke yi wa yaro ba a ganinsa a ranar. Manhaja ɗaya ce a duk ƙasar nan, amma ba kowane malami ke bin ta a jere ɗaya ba. Da muka dawo Gusau a tsakiyar 2021, yarinyar tana SS1 ajin kimiyya. Wani babin lissafi ta yi shi sau biyu, can da nan. Logaridim kuwa, a can an ce sai zango na uku, a nan an riga an gama shi tun zangon farko. Haka ta wayi gari da giɓi a kai, ba ta ma san da shi ba sai ranar da aka ba su gwaji ta dawo gida ido jawur.

Sai kuma maganar takarda. Hukumar WAEC na haɗa makin gwaje-gwajen da yaro ya yi tun daga SS1 da na babbar jarrabawa, don haka sabuwar makaranta ta ce lallai in kawo na tsohuwar. Sau uku ina hawa mota a kan takarda guda, ta Talata Mafara, ta Sakkwato, ta garinmu, har Birnin Kebbi. Zuwan farko aka ce mai makullin ofishin ya tafi ta'aziyya. Na biyu aka ce ba a sa hannu ba. A na uku wani dattijon malami ya dube ni ya ce, "Hajiya, mi kika so mu yi? Ku sojoji kullum kuna bisa hanya." Ban ji haushinsa ba, gaskiya ya faɗa. Kuɗin motar da na kashe dai sun fi kuɗin makarantar zango guda.

Ƙanena da ke da shagon intanet a Birnin Kebbi shi ya ce mu gwada karatu ta waya. Ya nuna mata malaman da ke koyar da darussan WAEC da JAMB a YouTube, ya nuna mata Khan Academy da ake shiga kyauta. Waya ɗaya gare mu mai taɓa-taɓa, Tecno, gilashinta da tsaga daga kusurwa zuwa kusurwa. Mukan sayi datar dare mai araha, yarinyar ta tashi bayan sha biyu ta sauke darussa, da safe in kai cajin shagon wani yaro a kasuwar mami, don wutar kwata ba abin dogaro ba ce. Da farko maigida bai yarda ba. Ya ce, "Budurwa da waya da tsakar dare?" Sai na riƙa tashi tare da ita, ina gyangyaɗi a gefen tabarma tana saukewa. Cikin makonni kaɗan logaridim ɗin ya zauna. Abin da ya burge ta shi ne malamin waya ba ya gajiya. Ta mayar da shi baya sau goma, sau goma zai maimaita, ba harara, ba dariyar 'yan aji da ke kallonta a matsayin baƙuwa.

Muna cikin haka Satumba ta zo. Ranar 1 ga wata aka sace ɗalibai a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, alhali ba a gama farfaɗowa daga na Jangebe a Fabrairu da na Birnin Yawuri a Yuni ba. Gwamnatin Bello Matawalle ta rufe makarantu. Ranar Juma'a 3 ga wata aka katse layukan waya a faɗin Zamfara domin sojoji su samu shiga daji. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Maigida yana cikin waɗanda aka tura, a ƙarƙashin Hadarin Daji kamar yadda ake kiran aikin a lokacin. Ga makaranta a rufe, ga waya ta zama dutse, ga uba ba a jin ɗuriyarsa. Aikin da aka katse sabis dominsa, aikin mijina ne, to wa zan kai ƙara? Na ja bakina na yi shiru, da dare in yi ta juyi.

Darasi goma sha ɗaya ne suka rage a wayar, duk na kemistiri. Ta kalle su har ta haddace inda malamin ke tari.

Wajen mako biyu da katsewar, wani direba daga tasha ya aiko yaron mota bakin get da saƙo daga ƙanena. Busasshen kifi ne a leda, a ƙarƙashinsa kwalin ashana an naɗe shi da salatif. Na buɗe, ba ashana ko ƙwara ɗaya, sai auduga, a tsakiyarta 'yar mimori da ba ta kai farcen ɗan yatsana ba. Ƙanen nawa ya rubuta a bayan kwalin da biro: lissafi, fiziks, Turanci, a kula kar ta faɗi. Yarinyar ta ɗauke ta da yatsu biyu kamar mai ɗaukar ƙwayar zinari, hannunta na rawa, ta sa a waya. Da jerin darussan suka bayyana ta ce, "Inna, ai Kawu makaranta guda ya aiko mana." Kifin ma sai washegari na tuna da shi.

Kafin mako ya zagayo labari ya karaɗe layinmu. Magajiyar bariki ta ba mu aron benci biyu, muka kafa su a gindin dogon yaro. Yara tara, wata rana sha biyu, Hausawa da Tibi da Yarbawa da Dakarkari, duk sun sunkuya a kan waya ɗaya mai tsaga, an jingina ta da gwangwanin madara. A nan na ga iyakar malamin waya. Yana magana da Turanci mai gudu, kuma ba a ɗaga masa hannu. In yaro ya ɓace a minti na uku, haka zai yi ta gyaɗa kai har ƙarshe. Allah ya haɗa mu da matar wani kofur mai takardar NCE da ke zaune ba aiki. Ita ke tsayar da bidiyon, ta ce "wa ya gane?", ta sake faɗa da Hausar bariki da Turancin buroka, ta rubuta da gawayi a jikin bango. In ba ta nan, zaman yakan koma kallo kawai. Da aka maido da sabis a Gusau a farkon Oktoba, abu na farko da kowace mace ta yi shi ne neman layin mijinta. Na biyu kuwa, yaran suka faɗa TikTok, sai da muka sa doka.

A wajen neman darussa ne wata rana yarinyar ta ci karo da yadda Amurka ke yi wa 'ya'yan sojojinta, ta karanta mini tana fassarawa. Ma'aikatar tsaronsu na da hukumar ilimi ta kanta, DoDEA, mai makarantu a sansanoninsu na gida da na Jamus, Italiya, Jafan da Koriya ta Kudu. Tun 2010 suna da sakandare ta intanet da aka amince da ita, har takardar kammalawa take bayarwa. Ba tarin bidiyo ba ce. Yaro na da rajista, yana da malamin da ya san sunansa, yana ba shi aiki yana dubawa, makin kuma yana shiga kundinsa. Idan an kai uba wani ɗan sansani inda babu mai koyar da fiziks, sai yaro ya ɗauki fiziks ɗin ta kwamfuta, sauran darussa ya yi a aji. Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa wata yarjejeniya ce da jihohinsu suka fara a 2008, zuwa 2014 duk jihohi 50 sun shiga. A cikinta, sabuwar makaranta za ta karɓi yaro da kwafin takardun da iyaye suka riƙo a hannu, ita kuma tsohuwar a ba ta kwana 10 ta aiko da na asali. In an canza wa uba wuri yaro na ajin ƙarshe, makarantun biyu ne za su san yadda za su yi ya samu takardarsa. Da ta zo nan sai na tuna da dattijon Birnin Kebbi da tafiyata uku.

Na san wanda ba ya da gashin wance ba ya kitson wance. Ba mu da wutarsu, ba mu da kuɗinsu, data ma a farkon 2025 aka amince a ƙara mata kashi 50 cikin 100. Amma in aka duba, wani ɓangaren namu ya fi sauƙi. Su kowace jiha da tsarin karatunta, mu manhaja ɗaya, WAEC ɗaya, NECO ɗaya, JAMB ɗaya. Rundunar soja na da sashen ilimi da malamai masu kaki. Mijina duk inda aka kai shi, lambarsa ta aiki na biye da shi, albashinsa bai taɓa ɓata hanya don ya bar Maiduguri ba. Me zai hana makin ɗansa ya bi wannan lambar? Me zai hana malamin fiziks ɗaya da ke Kaduna ya riƙa koyar da yaran Gusau da na Zuru a sa'a guda, a ɗaki ɗaya mai sola a cikin bariki, a sa irin matar kofur ɗin nan ta tsaya a kansu, a biya ta? Bidiyo dai ba mu rasa ba. Ko gwamnatin tarayya ta buɗe wani dandalin karatu na intanet mai suna Nigeria Learning Passport a 2022 tare da UNICEF da Microsoft, kyauta, har da darussa cikin Hausa, ƙananan yarana na amfani da shi. Abin da muka rasa shi ne wanda zai ce yaron nan nawa ne, na san inda ya tsaya, duk inda aka kai ubansa.

Kuma kada wani ya ce mini a zaunar da yara gida waya ta wadatar. A 2023 da yarinyar ta zo jarrabawar firaktikal ta kemistiri, ta san komai a ka. Ta ga ruwan kwalba ya juya daga rawaya zuwa ruwan lemo a bidiyo ya fi sau talatin. Amma hannunta bai saba da famfon dogon bututun gilashin ba. Ta murɗa da ƙarfi, ruwan ya zubo da yawa, launi ya zarce inda ake so, sai da ta sake daga farko tana gumi. C6 ta samu, ta tsallake da ƙyar. Lissafin da ya sa ta kuka kuwa B3. JAMB da ake yi a kwamfuta, sai da ta je hutu wajen kawunta ta yi mako biyu tana koyon riƙe linzamin kwamfuta. Yanzu tana Jami'ar Tarayya ta Gusau, wato wannan karon za mu ɗaure kaya mu bar ta a baya, abin da ban taɓa yi ba.

Yau da sassafe na sa mayafi na tafi makarantar yaron tun kafin a buga ƙararrawa. Na ce wa shugaban makarantar, "Ranka ya daɗe, an yi mana sigina. Ba zan bar garin nan ba sai da makinsa na zango biyu, da sa hannu da hatimi." Ya yi dariya ya ce in dawo Litinin. Na ce zan dawo, in ta kama in zo da tabarma. Daga nan na bi malamansa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya rubuta mini babin da ya tsaya a bayan littafin yaron. Na fiziks ya ce wannan ne karo na farko da wata uwa ta tambaye shi haka.

Da na dawo na buga wa ƙanena waya, na karanta masa jerin, na ce ya cika mimori da abin da ya rage. Ya ce, "Yaya, wancan kwalin na nan?" Yana nan, cikin adakar rigunan makaranta, audugar ta yi ja. Yaron ya ce shi zai riƙe shi a aljihunsa a cikin mota. Na ce a'a, a lalitata zai yi tafiya.