Laraba: hitar gidan Baba Alhaji

Da asuba ma'auni ya nuna digiri 22 ƙasa da sifili a Salsiyas, irin sanyin Minesota da ke daskarar da gashin hanci kafin ka kai bakin mota. Aikina gyaran hita ne, wato na'urar ɗumama gida, kuma gidaje huɗu suka kira ni yau. Na farko batirin tamostat, na'urar saita zafin ɗaki, ne ya mutu. Na biyu ƙanƙara ta toshe bakin bututun shaƙar iska a bayan gida, tsintsiya ta gama aikin. Na uku makunnin da ke kunna wutar gas ya tsage, dala 240 har da kuɗin zuwa. Na huɗun ne ya biyo ni gida.

Tun a bakin ƙofa Baba Alhaji ya miƙo mini takarda, ko takalmi ban cire ba. "Ɗana, duba nan. Sun ce tukunyar hitar ta tsage, ko mu biya dala 9,500 a saka sabuwa, ko hayaƙi ya kashe mu cikin barci." Wani kamfani ne ya zo jiya. Na ce, "Baba, sun nuna muku hoton tsaguwar?" Ya ce a'a. "Sun rufe gas sun rataya jan kati?" Nan ma a'a. To, ma'aikacin da ya ga tsaguwa da idonsa ba ya tafiya ya bar gas a buɗe. Ban faɗa masa haka ba tukuna, na ce mu sauka ƙasa.

Hitar gas tana da jerin da ba ta tsallakewa, kuma inda jerin ya yanke nan matsalar take. Tamostat ya aika wutar lantarki mai bolt 24. Ƙaramar fankar jan hayaƙi ta tashi. Makunnin matsi ya tabbatar tana ja, ya rufe. Makunnin wuta ya yi ja zur, bawul ɗin gas ya buɗe, wuta ta kama. Daga nan wata 'yar sandar ƙarfe da ke cikin harshen wutar ce za ta shaida wa allon sarrafawa cewa wuta na ci. In ba ta shaida ba cikin 'yan daƙiƙu, allon ya rufe gas, don kada ya taru a banza. Bayan an gwada sau uku ko fiye, ya danganta da kamfani, sai hitar ta kulle kanta.

Ta Baba haka take yi: ta kama, daƙiƙa huɗu, ta mutu. Na sa mita a sandar don auna 'yar lantarkin da take aika wa allon, maikro-amf 0.6. Mai lafiya takan ba da tsakanin 2 da 6. Kusa ɗaya ce ke riƙe da ita, na kwance, na goge farar ƙurar da ta rufe ta da lallausar wayar goge ƙarfe, na mayar. 3.8. Wuta ta zauna. Minti goma, dala 140, kusan duk kuɗin zuwa ne.

Sai batun tukunya, wato bututun ƙarfen da wuta ke bi ta ciki, iskar ɗaki kuma ta bi ta bayansu ta ɗebi zafi ba tare da sun haɗu ba. In ta tsage, lokacin da babbar fanka ta tashi za ka ga harshen wuta ya yi rawa ko ya leƙo waje. Na zuba ido, bai motsa ba. Na'urar auna hayaƙi ta tsaya a 31 cikin miliyan na kabon monoksaid, iskar nan mai guba, kafin fanka da bayanta. Ni dai in ya haura 100 ba na barinsa haka. Na zura kamara bututu ɗaya bayan ɗaya. Tsatsa akwai, ƙarfen ya canza launi a lanƙwasa biyu, tsaguwa babu. Na ɗauki hotuna na nuna masa.

"Alhamdu lillahi! Ashe ƙarya suka yi." Daga nan Baba ya daina jina, alhali a nan maganar ta fara.

Hitar shekararta 19, irinta kuwa daga 15 zuwa 20 ake sa mata rai. Takardar jikinta ta ce bambancin zafin iskar da ke shiga da wadda ke fita ya tsaya tsakanin digiri 35 da 65 a Farenhait. Na auna 81. Filta ta yi baƙi ƙirin, har ta lotsa ciki. Sabuwa ta sauko da shi 68, na ƙara gudun fanka ya dawo 60. Wannan ɗaukar zafin ita ce ke gasa tukunya, ƙarfe ya buɗe ya tsuke, ya buɗe ya tsuke, wata rana ya tsage. Wancan kamfanin ya faɗi abin da bai faru ba, amma hanyar faruwarsa aka ɗauka. Ga fankar jan hayaƙi tana kuka kamar tsohon keken ɗinki; canza ta dala 650 ne a wurinmu.

Na yi masa lissafin da muke yi a bakin aiki: shekarun hita sau kuɗin gyara, in ya wuce 5,000 a fara tunanin sabuwa. Gyaran yau, 19 sau 140, ya ba da 2,660, a gyara. Fankar, 19 sau 650, 12,350. Ba aya ba ce, amma tana hana mutum zuba 650 bana, 500 na allo baɗi, sannan tukunya ta tsage ya yi asarar duka. Tukunyar kanta, ko da garantin shekara 20 ya biya ƙarfen, ba ya biyan aikin hannu, kuma wuni guda ake yi ana wargaza hitar.

Ya ce, "Da tsohuwar zuma ake magani, ɗana." Na ce, "Haka ne Baba, amma ku bari mu canza a watan Afrilu ko Mayu, kuna da lokacin karɓar farashi daga wuri uku, ba tsakar dare a Janairu bututun ruwa na shirin fashewa ba."

In an zo canzawar ma, abin da ke takardar jiya kuskure ne. Sun rubuta mai BTU 100,000 (ma'aunin ƙarfin zafin hita ke nan), daidai da tsohuwar. Yau, ranar da ta fi kowace sanyi, minti bakwai take ci ta huta takwas. Ke nan ta kusa ninka abin da gidan ke buƙata, balle an canza tagogi an ƙara rufin ɗaki. Hita mai girma fiye da kima kunnawa da mutuwa take ta yi, kayanta su gaji da wuri. A yi lissafin asarar zafin gidan, wanda ake kira Manual J, kafin a zaɓa. Ina zaton mai 60,000 za ta wadatar.

Sai zaɓi tsakanin mai mayar da kashi 80 na gas ɗin da ta ci zuwa ɗumin gida da mai kashi 96. Ta biyun tana rage gas da kusan kashi 17 cikin ɗari. In ɗumama gida na cin dala 900 a shekara, ragin 150 ke nan. Amma ba ta bin tsohon bututun hayaƙi, sai an huda bango an fitar da na roba biyu, a nema wa ruwan da take zubarwa magudana. Tankin ruwan zafi kuma ya rage shi kaɗai a babban bututu, hayaƙinsa ya huce kafin ya kai sama, ya jiƙe bulo, dole a zura masa siririn bututun ƙarfe. Duk farashin da bai ambaci wannan da takardar izinin hukumar birni ba, bai cika ba. A sanyin nan namu dai ni mai 96 zan saka.

Hajiya ta aiko da kunun gyaɗa da ƙosai. Sai da zan fita na ɗaga kai na ga ƙararrawar kabon monoksaid a bangon falo, murfi a buɗe, ba batir. "Kuka take ta yi da dare, na cire." Na juya bayanta, an ƙera ta 2013. Wa'adinsu shekara biyar zuwa goma ne, kukan nan sanarwa take cewa ta gama aiki. Babu ko ɗaya a motata, na ƙarshe na bar shi a gida na biyu.

Na ce kada su kwana sai Sani, mai yi musu aike, ya sayo sabuwa, dala 30 ce. Baba ya ce in sha Allahu, da muryar da na sani. Na kira Sani bayan isha'i, bai ɗauka ba. Gobe kira na farko ƙarfe takwas ne a Saint Paul, shagon kayan gini na buɗewa shida, gidan Baba kuma a kan hanya yake in na bi ta Lake Street.