Murfin da na cire da hannuna

Shekara goma sha ɗaya na yi ina kula da yara a wani wurin ƙera ƙofofi, tagogi da ƙafafun tankin ruwa a Kano. A duk tsawon lokacin nan abu ɗaya nake auna kaina da shi: aiki nawa ya fita yau. Ƙannena masu shigowa sana'ar ƙarfe, wannan awon ne ya kai ni ga abin da zan ba ku labari.

Wata rana dutsen yanka na ƙaramin inji ya ƙare, ga mai ƙofa tsaye a kanmu yana jira. Akwai babban dutse mai inci tara a ajiye, amma ba ya shiga sai an cire murfin kariya. Ni na kwance murfin, ni na ɗaura dutsen, na miƙa wa wani yaro da bai cika shekara a wurinmu ba. Bai yi minti biyu yana yanka ba dutsen ya tarwatse. Ɓallin ya tsage masa kunci har kusa da ido. Allah Ya tsare idon, amma tabon yana nan, kuma ni ne sanadi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gargaɗin yana rubuce a jikin dutsen. Dutse mai inci tara, wato milimita 230, iyakarsa juyi kusan 6,600 a minti. Ƙaramin inji kuwa yana kai 11,000. Da na tsaya na karanta lambobin nan biyu, da ban ɗaura ba. Ku duba su duk lokacin da za ku sauya dutse. Ku duba ranar ƙarewar aikinsa ma, ana buga ta a zoben ƙarfen da ke tsakiya, domin abin da ke riƙe dutsen yana rauni idan ya daɗe ko ya sha danshi. Murfi kuma ba a cire shi, ko oga ne ya ce a cire. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari, kuma tun 2010 akwai dokar biyan diyya da ta ɗora wa mai ma'aikata zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF. Yaron nan ba ya cikin kowace rajista. Kuɗin asibiti kawai muka biya, muka ce ƙaddara ce.

Ƙaddara gaskiya ce, amma wata biyu kafin nan wani dutsen ya fashe, ɓallinsa ya huda kwanon rufi. Muka yi hamdala, muka ci gaba da aiki, babu wanda ya tambayi dalili. Tun daga baya na sayi littafi, duk abin da ya kusa faruwa sai mu rubuta: rana, inji, dalili, da gyaran da aka yi. Ko ku uku ne a shago, ku buɗe irinsa.

Halin da ya sa na cire murfi shi ne dai ya sa na rage kaurin ƙarfe. An ba mu ƙafar tanki mai lita 5,000. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tan biyar ke nan a sama da kan mutane. Na je kasuwar Ƙofar Ruwa na ga ƙarfe ya yi tsada, sai na ɗauko marar kauri ba tare da na gaya wa mai aikin ba. Muka yi walda a kan tsatsa, ba mu kankare dattin walda mun duba ramuka ba, muka bi da fenti. Fenti yana rufe komai. Kafin damina ta fita ƙafa ɗaya ta lanƙwashe, a gidan da yara ke wasa a gindin tankin. Da kuɗina na sake ƙera ta, mutumin kuma bai ƙara kawo mana ko gyaran sakata ba, kuma yana da gaskiya. Yanzu ba na karɓar ƙarfe sai na auna kaurinsa a gaban mai sayarwa, kuma ba a fenti sai wanda ba shi ya yi waldar ba ya duba ta.

Saura hayaƙi, wanda shi ba ya zubar da jini, shi ya sa muka raina shi. Idan kun yi waldar bututun da aka lulluɓe da tutiya, da dare kuka ji sanyi da zazzaɓi kamar na cizon sauro, hayaƙin ne. Na daɗe ina sayo wa yara madarar gwangwani ina ganin na kare su. Madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu. A 2017 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji. Ku yi walda a inda iska ke wucewa, ku kauce da kanku daga hanyar hayaƙin, ku nemi takunkumin da aka yi don wannan aikin. Tabarau baƙi na kasuwa ma ba ya tare hasken walda, sai garkuwar fuska mai gilashin walda na ainihi.

Yaron nan yanzu yana da shagonsa. Na kai masa ziyara bara, na tarar kowane injinsa da murfinsa a ɗaure.