Daga rufi ya kamata in fara gyaran ɗakin ɗinkina

Ɗakin da nake ɗinki a ciki tsohon ɗakin ajiya ne a gidanmu da ke Bukoki, nan Yamai. Tsawonsa mita 3 da rabi, faɗinsa mita 3, ginin bulo, rufin kwano ba silin, sai ƴar taga guda mai kallon gabas. Shekara 6 na yi ina taka keke a cikinsa tare da buhun hatsi da tsofaffin tukwanen uwar mijina. Da na kwashi adashe a farkon 2023, jika 180 na sefa, sai na ce wannan karon ɗakin nan zan gyara, domin na gaji da jin nauyi duk sa'ad da mace ta shigo awo ta rasa inda za ta aje jakarta.

Abin da ido ke gani shi na bi. Na sa aka kwashe tarkace, na sayo fentin mai ruwan hoda, na ɗinka labule da hannuna, na kafa babban madubi. Kafinta ya yi mini kanta da farin katako mai araha, ya jingina ta da bangon gabas, ƙarƙashin taga. Kafin a kama azumi an gama komai, duk wadda ta shigo sai ta ce ma sha Allah. Ko sau ɗaya ban ɗaga kai na dubi kwanon da ke bisa kaina ba.

A watan Yuni, saura ƴan kwanaki Layya, hadari ya taso da dare daga gabas, kamar yadda ya saba taso mana. Iska ta fara, ruwa ya biyo. Da asuba na buɗe ɗakin na tarar ruwa ya bi ta ramukan ƙusa ya ɗiga a kan kanta, wani kuma ya kutso ta gefen taga. A saman kayan akwai farar shadda mita 5 ta wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ɗanta ya aiko mata daga Abijan. Ruwan ya biyo tsatsa, ya bar mata jan tabo uku, babban cikinsu ya kai tafin hannuna. Na gwada lemun tsami da gishiri, tabon ya dusashe kaɗan, amma wurin da ruwa ya taɓa ya rasa ƙyallinsa. Wanda ya san shadda ya san in ƙyallin nan ya tafi a gefe guda, ba a ɓoye shi.

Na naɗe ta na tafi gidanta, ƙafafuna kamar ba nawa ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ku gafarce ni, amanarku ta lalace a hannuna." Ta warware shaddar ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗiyata, tashi. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma ki je ki duba rufinki, yau tawa ce, gobe ta amarya ce." Ta ce in bar shi, ban yarda ba. Na shiga Babbar Kasuwa na nemo mai kama da ita, kuɗin ya cinye ribar ɗinkin Layya gaba ɗaya. Kayan da ke cikin ɗakin tela ba nasa ba ne, na mutane ne, kuma wani turmin atamfar wata guda aka yi ana tara kuɗinsa.

Kafin damina ta fita fentin ma ya bi sahu. Bangon gabas ya sha ruwa daga waje, fentin mai kuma ba ya barin damshi ya fita, sai ya kumbura yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Da na ja kanta don in share bayanta, na ga gara ta yi hanya daga daɓe ta shige ƙafar katakon. Araha ba ta ado, in ji mutanen da.

Aiki na biyu sai a ƙarshen Oktoba na fara shi, ruwa ya ɗauke, ba salla a kusa. Wannan ma darasi ne: tela ba ya tayar da ɗakinsa ana gab da azumi ko Layya, lokacin da ɗinki ke hana barci. Maigida ya kawo mini wani tsohon magini, Ba'adare, wanda bai ce komai ba sai da ya sa tsani ya hau sama. Da ya sauko ya ce, "Hajiya, gyaran ɗaki daga bisa ake faro shi a sauko ƙasa. Ke daga tsakiya kika faro." Na ce, "Baba, yadda kuka gani haka za a yi."

Kwano biyu ya canza, sauran ya bi su da ƙusa mai roba a wuya, wadda ke toshe raminta da kanta. Ya ƙara wa rufin baki ta gabas don ruwa ya daina dukan bango kai tsaye. Sannan ya kankare yaɓen da ya ruɓe ya sake sabo da simintin Malbaza, ya ce a riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har mako guda, kuma kada fenti ya kusance shi sai ya yi kamar wata ɗaya. Jiran nan ya yi mini wuya, a tsakar gida na riƙa ɗinki ƙarƙashin rumfa, amma yaɓen bai tsage ba har yau. Da lokaci ya yi, farin fentin ruwa na shafa. Fari na mayar da haske cikin ɗaki, kuma ba ya ruɗin ido. Sai a lokacin na gane ashe ruwan hodar nan ta sha sa ni zaɓen zaren da bai dace ba, in fito waje in ga launi ya bambanta.

Maganar taga ita ce muka fi daɗewa a kanta. Ta gabas ruwa ke bugowa, ta yamma kuma ranar la'asar ke shigowa da zafinta. Ya toshe ta gabas, ya fasa babba a bangon arewa, inda haske ke shigowa a natse kusan duk yini ba tare da rana ta faɗo kan yadi ba. Aibinta guda, iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa da ƙurarta, don haka muka sa gilashi mai rufuwa ruf. Keken na aje yadda hasken zai zo mini ta hagu, wajen allura. A da inuwar kaina ce ke faɗawa daidai inda nake ɗinki, ina ta murza ido ina zaton ganina ne ya ragu.

Silin ya ci kuɗi, ban kuwa yi nadama ba. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai na wuce digiri 40, kuma mai zama ƙarƙashin kwano tsirara ji yake kamar an kifa masa tukunya. Gumi na ɗiga kan kayan mutane, hannu na santsi a kan almakashi. Magini ya bar tazara tsakanin kwano da silin, ya huda ƙananan kafofi biyu a sama ya sa musu raga, don iska mai zafi ta samu mafita, ɓera kuma ya rasa mashiga. Bazarar 2024 na iya zama a kan keke har azahar.

Wuta kuwa, damina ta riga ta koya mini. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar, wanda a lokacin shi ne kaso mafi yawa na abin da muke amfani da shi, gari ya shiga ɗauke wuta na sa'o'i. Da ma ina shirin sayar da tsohon kekena Butterfly na ƙafa tunda na sayi mai mota. Allah Ya sa ban sayar ba, shi ya riƙe ni a watannin nan. Yanzu kowanne da mazauninsa. Na sa faifan sola ƙarami da batir, fitila biyu masu farin haske da fanka kawai yake ɗauka. Dutsen guga na lantarki ya fi wat 1000, don haka mai gyaran wuta ya ja masa layinsa daban da waya mai kauri, ya raba ni da jone-jonen da ke bin ƙasa. Na gawayi kuma a waje yake zama. Tartsatsi guda ya isa ya huda leshi.

Teburin yanka shi ne abin da na fi so a ɗakin. Shekaru a ƙasa nake yanka, bisa tabarma, a duƙe, har bayana ya fara hana ni barci. Na je kasuwar Katako da kaina, ba nisa daga gidanmu, na bi layin masu katako ina dubawa, na zaɓi ja mai nauyi wanda ya bushe. Kafinta ya so ya yi shi da tsayin teburin cin abinci, na ce a'a, na tsaya ya auna daga ƙasa zuwa ƙuguna, ya fito santimita 88. Faɗinsa mita 1 da santimita 25, don atamfa ta kwanta a shimfiɗe ba ta zubo ba. Ƙafafun na ƙarfe ne, mai walda ya yi su, haka ma na sabuwar kanta, wadda ta tashi taƙi guda daga ƙasa kuma ba ta taɓa bango. Wani ya ba ni shawarar in shafa wa katakon baƙin mai na mota saboda gara. Ga katakon rufi yana yi, amma ban yarda ya kusanci inda yadi zai kwanta ba.

Daɓen siminti na bari, mai sulɓi, ba darduma. Allura in ta faɗi ina ganinta, kuma ina da maganaɗisu ɗaure da zare da nake bi da shi kafin autana ya shigo da rarrafe. Ƙarƙashin keken ƙafa na sa guntun robar taya don ya daina tafiya in ina takawa. Kusurwa guda na kewaye da labulen nan na farko, madubi na ciki, mace ta gwada rigarta hankali kwance.

Abu guda ya rage, ƙofa. Har yanzu mai zuwa awo sai ta ratsa tsakar gida, ta wuce madafa da masu wanki. Magini ya nuna mini inda za a fasa ta ɓangaren zaure, kuɗin ne bai kai ba, sai kwasar adashe mai zuwa.

Ruwan farko na daminar 2024 da dare ya zo, daga gabas. Na tashi na ɗauki tocila na shiga ɗakin, na haska silin kusurwa-kusurwa, na shafa bango, na taɓa kayan da ke kan kanta ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu har da sabuwar atamfar Inna, da ta aiko jikarta da ita a ranar. Komai a bushe. Na ja ƙofa na koma na kwanta.