Horar da Direban da Za a Tura Hanyar da Bai Saba Ba

Sana'ata horar da direbobi ce, kuma kamfanin namu ƙarami ne: 'yan motocin koyo, filin juya mota, ɗakin karatu mai allo, da malamai waɗanda dukkansu sun daɗe a kan hanya kafin su dawo koyarwa. Mutane sukan ɗauka cewa aikinmu bai wuce ɗauko wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba a nuna masa giya da birki, kuma lallai muna yin wannan, amma abin da ya fi riƙe kamfanin shi ne tsofaffin hannu. Kamfanonin dakon kaya da ƙungiyoyi masu aiki a ƙasashe da yawa suna turo mana direbobin da za a sauya wa hanya ko a tura su wata ƙasa, domin mu shirya su kafin su tashi. Su ne suka fi wuyar sha'ani, saboda sabon ɗalibi yana tsoron titi yana kuma tunani kafin ya motsa, shi kuwa wanda ya shekara ashirin yana tuƙi hannunsa da ƙafarsa suna riga tunaninsa yanke hukunci, kuma hukuncin da suke yankewa na yankin da ya saba ne.

Dokar da ke rubuce ba ita ce matsalar ba. Tun yarjejeniyar Janeba ta 1949 da ta Biyana ta 1968 ƙasashe suke daidaita ƙa'idojin hanya da alamominta, har ta kai jar danja tana nufin tsayawa duk inda mutum ya je, allon tsayawa mai kusurwa takwas kuma kusan kowa ya san shi. Wannan ɓangaren a 'yan zama kaɗan muke gama shi. Ko maganar hannun da ake bi ba ta ɗaukar dogon bayani: kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya suna zaune a ƙasashen da ake bin hannun hagu, kamar Birtaniya da Indiya da Japan da Kenya da Afirka ta Kudu, sauran kuma hannun dama. Wasu ƙasashen ma sauyawa suka yi, irin su Suwidin a 1967, Najeriya a 1972, da Ghana a 1974. Abin da muke jan kunnen direba a kansa shi ne lokacin da kuskuren yake zuwa. Ba ya zuwa a cikin cunkoso, inda motocin gaba suke nuna masa hanya. Yana zuwa ne da sassafe, idan ya fito daga gidan mai ya tarar da titi fayau babu kowa, sai jikinsa ya mayar da shi hannun gida. A filinmu ma muna ganin alamar tun ranar farko: ana sa mutum a motar da sitiyarinta yake ɗaya ɓangaren, zai kai hannu domin sigina sai ka ga abin goge gilashi ya kama aiki.

A mahaɗa ne bambancin yake fara zama na rai da mutuwa. A Faransa, da ƙasashen da suka gaji tsarinta, ƙa'idar asali ita ce idan babu wata alama a mahaɗa, wanda ya fito ta damarka shi ke da hannu, ko da daga ƙaramin lungu ya fito kai kuwa kana kan babban titi. Birtaniya tun 1966 ta ba wanda ke cikin shataletale fifiko a kan mai shigowa, Faransa ta bi sahu a shekarun 1980 a shataletalen da aka sa wa alama, amma har yanzu babban shataletalen nan na birnin Paris inda tituna 12 suka haɗu tsohuwar ƙa'ida yake bi, mai shigowa ake tsaya wa. A Amurka da Afirka ta Kudu kuma akwai mahaɗar da duk hanyoyi huɗun suke da allon tsayawa, wanda ya riga isowa shi ke fara wucewa, kuma tsarin yana tafiya ne kawai saboda kowa ya amince ɗan'uwansa zai jira layinsa. Direban da ya taso a inda mai ƙarfin hali ne ke wucewa, idan aka kai shi irin wannan mahaɗa, jiran da ake yi masa yakan zama masa kamar an ba shi dama.

Abin da na fi daɗewa a kansa a aji shi ne siginar babbar mota, domin babu wata al'adar titi da na sani da ta kai ta haɗari. Ga yadda abin yake. Kana bayan tirela a hanya mai hannu biyu kacal, ba ka ganin gaba, sai direbanta ya kunna sigina alhali babu kwana babu mahaɗa. Yana yi maka magana ne, amma me yake cewa? A Turai da yankuna da dama na Afirka, siginar da ke ɓangaren tsakiyar titi gargaɗi ce, wato kada ka fito akwai mota tafe, ta ɓangaren gefen titi kuwa ita ce ke cewa hanya a buɗe take. A Meziko, inda ake bin dama, direban babbar mota yakan kunna ta hagu ne domin ya ce ka wuce, haka kuma a Indiya, inda ake bin hagu, yakan kunna ta dama da wannan ma'anar. Ke nan fitila ɗaya, a wuri ɗaya, a wani yanki tana cewa fito, a wani tana cewa kada ka kuskura. Bayan duk wannan, mai yiwuwa ne mutumin kwana kawai zai yi ya shiga wata hanyar da ba ka hango ba.

Wani dattijon direba da aka turo mana, mutum mai natsuwa wanda takardunsa ba su nuna haɗari ko ɗaya ba, ya taɓa nuna mini yadda wannan ɗabi'a take kama jiki. Muna bayan wata tanka, ina kujerar gefe, tana kunna sigina sai ya sauke giya ya fara leƙa hancin mota. Na taka birkin ɓangarena. Ya dube ni da mamaki ya ce, “Malam, ai shi ya ba ni hannu.” Na ce masa, “Baba, da idonka ka ga hanyar ko da nasa?” Bai amsa ba, amma ya mayar da motar bayan tankar, ya ja baya har ya iya hango gaba da kansa. Ƙa'idar kamfaninmu ke nan, kuma ba ma sassauta ta ga kowa: duk alamar da wani direba ya ba ka labari ce ba izini ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, idan kuma wata tana tahowa da irin wannan gudu, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da ninkin haka. Babu lokacin tambayar ko an fahimci juna.

Ƙifta fitilun gaba ma haka yake da fuska biyu. A Birtaniya direbobi sun mayar da shi hanyar cewa bismilla, wuce, duk da cewa littafin dokar hanyarsu ya faɗi ƙarara cewa ana ƙifta fitila ne domin sanar da wasu kana nan, kuma kada wanda aka ƙifta wa ya ɗauka gayyata ce. A wasu yankunan kuwa ma'anarsa ga ni nan tafe ba zan tsaya ba. Hon kuma a wasu biranen Turai kusan zagi ne, har Birtaniya ta hana danna shi a cikin gari daga ƙarfe 11:30 na dare zuwa 7 na safe sai idan akwai haɗari, alhali a Indiya manyan motoci da yawa suna ɗauke da rubutu a bayansu mai roƙon a danna hon kafin a wuce su, rubutun da jihar Maharashtra ta ƙasar ta haramta a 2015 domin rage hayaniya.

Akwai al'adun da nake sha'awa, kuma nakan ce da ma kowa ya ara. A Japan wanda aka ba hanya yakan ƙifta siginoni biyun nan na gargaɗi domin godiya. A Afirka ta Kudu mai tafiya a hankali yakan matsa bayan layin rawaya na gefen titi domin na baya ya wuce, doka kuma ta yarda da hakan da rana idan ana ganin gaba sosai. A Jamus da Ostiriya, da zarar tafiya ta cushe a babbar hanya, na layin hagu suna matsawa hagu sauran suna matsawa dama domin a bar wa motar asibiti da ta kashe gobara hanya a tsakiya, tun kafin a ji jiniya. Amma a Jamus ɗin ne kuma doka ta ce idan layi biyu za su koma ɗaya, kowa ya ci gaba da layinsa har bakin matsewar sannan a riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saba ganin hakan a matsayin tsallake layi da rashin kunya zai tare hanya yana ganin gaskiya ce da shi, alhali shi ne ya karya doka.

Ban yarda cewa wasu mutane an halicce su da ladabin titi wasu kuma babu ba. Direba yana koyon abin da titinsa ya saka masa da shi ne. Inda motoci da babura da masu tafiya a ƙasa suke cakuɗe babu alamomi, hon da haɗa ido su ne ke hana karo, wanda kuma ya bar tazara mai yawa zai kwana a wurin. Inda aka zana layi aka kafa kyamara kuma tara ba ta kuskure, mutum yana iya dogara da ƙa'ida ya daina kallon fuskoki. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibai cewa kirki a inda bai dace ba shi ma haɗari ne: mai tsayawa kwatsam a kan babban titi domin ya ba na lungu hanya ya kyautata wa mutum ɗaya, ya jefa na bayansa cikin hatsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa mutum miliyan 1.19 suke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa da masu keke da babur, wato mutanen da ba su da ƙarfen da zai kare su idan direbobi biyu suka yi wa juna gurguwar fahimta.

Wahalar sana'ar ba daga direbobin take ba, daga masu turo su take. Manajan sufuri yakan kira ya ce direbansa ƙwararre ne, takardar shaida kawai yake buƙata domin inshora, kuma kaya suna jira. Mukan ce ba ma sa hannu sai malami ya zauna kusa da direban a kan titi na gaske, da rana da kuma dare, ya rubuta abin da ya gani: yadda yake shiga shataletale, tazarar da yake bari, sau nawa hannunsa yake zuwa kan hon, da abin da yake yi idan aka ba shi sigina. Wasu kamfanonin sun bar mu saboda wannan jinkirin sun koma inda ake buga hatimi a yini ɗaya. Waɗanda suka zauna da mu kuwa yanzu su ne suke neman mu ƙara shafi guda a rahoton, wanda ke lissafa al'adun ƙasar da za a tura direban, domin a liƙa masa a cikin mota inda idonsa zai riƙa kai wa kafin ya tayar da inji.