Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Ayar da Ke Jikin Ginshiƙi

Makon jiya na yi alƙawarin yau zan ba da labarin yadda na samu takardun zama a Italiya. Ku yi mini afuwa, takardu sa jira. Tun daren Laraba maganar Baffa take dawo mini, kuma ba ta taɓa dawowa ita kaɗai ba, sai ta taho da wata 'yar tafiyar ƙafa da na yi a Falermo, babban birnin tsibirin Sisili, cikin 2013, wadda ko awa ɗaya ba ta cika ba.

Waɗanda suka biyo ni tun farko sun san maganar. Ranar da zan bar Kano, a zaure, gaban Yaya da almajirai, Baffa ya ce, "Wanda ya bar allo, allo ya bar shi." Ko ɗaga kai bai yi daga carbinsa ba. Abin da bai faɗa wa jama'a ba shi ne wanda ya raba ni da allon. Ina cikin Suratul A'arafi Malam ya rasu, sura biyar kacal suka rage mini bayanta in sauke. Ba a yi sadakar arba'in ba Baffa ya kama hannuna ya kai ni Kantin Kwari dakon atamfa, wai gida na bukatar mai nema, karatu kuma Yaya ne mai kansa. Shekarata goma sha huɗu. Inna ta yi kuka a ɗaki, amma wa zai ja da ƙanin miji a gidan malamai?

A Falermo, unguwar Albergeriya na zauna, mu shida a ɗaki ɗaya, ina yi wa wani mai kayan miya aiki a kasuwar Ballaro. Lungunan wajen, wallahi ka ce cikin birni ne, matsattsu, shanya ta ko'ina a sama, masu talla suna rangaɗa kira kamar a Kurmi. Abincina kusan kullum wani abu ne da suke kira fanelle, garin wake ne irin nasu da ake soyawa fale-fale a cusa cikin burodi. Ɗan'uwan ƙosai ne, kuma hankalina ya fi kwanciya da shi.

A nan na haɗu da wani dattijo tela, ɗan zangon Kumasi, wanda ya haura shekara ashirin a garin. Baba muke ce masa. Wani dare zuciya ta cika, na kwashe labarin Baffa na faɗa masa. Bai ce uffan ba. Sai ranar Lahadi bayan la'asar ya leƙo ya ce, "Ɗana, sa takalminka, zo ka raka ni."

Mun ɗan haura lungu kenan na hango ƙubbobi jajaye a jere bisa wani tsohon gini, guda biyar ne. Na ce, "Baba, ashe akwai masallaci kusa da mu haka?" Ya girgiza kai, ya ce coci ne, San Giovanni degli Eremiti, amma maginan a hannun Musulmi suka koyi aiki. Ya ce garin nan da kake gani ya yi fiye da shekara ɗari biyu a hannun Musulmi. Daga baya, da na iya karatun Italiyanci, na duba da kaina: a 831 suka karɓe shi, a 1072 Normawa, wasu Turawa Kiristoci, suka ƙwace. Sai Baba ya ce wanda ya jagoranci rundunar farko daga Tunisiya wani alƙalin Ƙairawan ne, Asad bin Furat.

Na ja na tsaya cak a tsakiyar hanya. Na san sunan nan. Ina yaro, idan na kawo wa Malam buta a zaure yana biya wa manyan ɗalibai fiƙihu, nakan ji shi yana ambatonsa tare da Sahnunu da Mudawwana, yana cewa almajirin Imamu Malik ne. A 827 ya sauka a wannan tsibiri na Sisili, shekara ta zagayo ya rasu a cikinsa. Ashe ƙasar da nake ɗaukar kwandon tumatir a kanta, mutumin littafin Malam yana kwance a cikinta. Baffa ya san sunan, na tabbata. Ko ya san inda yake, wannan kuma ina shakka.

Baba bai bar ni da daɗi zalla ba. Ya bi da ni ta bayan wata babbar ƙofa, Porta Nuova, ya ce ɗaga kai. Gumaka huɗu ne na ƙarti masu rawani da gashin baki, biyu sun harɗe hannu a ƙirji, biyu an guntule musu hannuwa. An sassaƙa su ne don tuna cin Tunis da Sarki Sharl na biyar ya yi a 1535. Ya ce, "Ka ga wannan ma, don kada gobe ka koma gida ka ba da rabin labari." To, ga shi na bayar cikakke, Baba.

Jikin ƙofar nan fadar sarakunan Normawa take, inda majalisar Sisili ke zama yanzu. Ranar ba mu shiga ba, kuɗin shiga ya fi abin da ke aljihunmu. Sai a 2019 na shiga, da 'yata a kafaɗa, ita da ko kakarta ba ta taɓa gani ba sai a waya. Akwai ɗan coci a ciki, rufinsa na katako ne da aka sassaƙa rami-rami kamar saƙar zuma, ga rubutun Larabci zagaye da zane-zanen. Sarki Roja na biyu ya sa aka yi, kuma a fadarsa ne Idrisi ya kammala littafinsa na taswirar duniya a 1154. A ciki ya yi bayanin Kawar. Kawar fa! Can ne Bilma, inda Buzaye ke ɗauko kantun gishirin da kakanmu yake saye a Fagge. Can ne Dirku, inda muka yi kwana tara a 2007 muna jiran motar Libiya, ruwan jarka ya koma kamar shayi don zafi, inda wani yaro ɗan Maraɗi ya kwanta bai tashi ba. Ba zan sake buɗe wannan babin ba, yana kashi na takwas. Abin da ya tsaya mini a rai kawai, wani malami ya zauna a garin nan ya rubuta sunan wajen, shekara ɗari takwas da hamsin kafin ƙafata ta taka shi.

Na kauce. Mu koma Lahadin.

Muka ratsa wani lambu mai cike da itatuwan dabino, muka faɗa babban titin da suke kira Kassaro, wato ƙasru na Larabci da harshensu ya lanƙwasa. Taku kaɗan sai ga babban cocin garin. An gina shi a 1185, a gurbin masallacin Juma'a na birnin, shi ma masallacin a gurbin wani tsohon coci aka yi shi, gaskiya sai a faɗe ta. Ibn Hauƙal, wani matafiyi Balarabe da ya zo a 973, ya ce masallatan garin sun haura ɗari uku. Ni dai na toge a bakin fili, na ce ba zan shiga ba. Baba ya ce, "Wa ya ce ka shiga? Zo nan."

Ya ja ni zuwa rumfar ƙofar, ginshiƙi na farko ta hannun hagu. Dutsen ya tsufa, ya yi launin toka. A jikinsa an sassaƙa wani ɗan fili mai kusurwa huɗu, kamar shafin littafi, kai, kamar allo. Ya ce, "Karanta mini, idona ya yi rauni." Ƙarya yake, mutumin da ke zura zare a allura ba tabarau.

Na matsa. Harufan sun cuɗe, ba wasali, ba irin rubutunmu na warashi ba. Na bi da ido, na kama kalma ɗaya, na kama ta biyu, sai gabana ya faɗi. Suratul A'arafi ce, aya ta 54, inda Allah yake cewa Shi ne Ubangijinku da ya halicci sammai da ƙasa cikin kwana shida, yana rufe yini da dare. Shekara goma sha biyar rabona da allo. Bakina ya buɗe da kansa, da irin muryar da Malam yake biya mana da asuba a gindin wuta. Na kai "tabarakallahu rabbul alamin", ban tsaya ba. Na zarce ayar da ke biye, wadda ba ta jikin dutsen, na wuce labarin Annabi Nuhu, na shiga na Annabi Hudu, har daidai inda Malam ya yi mini biyawar ƙarshe. A nan ta yanke, ɗif, kamar an ɗauke wuta. Turawa masu yawon buɗe ido suna wucewa ta gefenmu, wata tsohuwa ta tsaya tana kallona, hawaye ya jiƙa mini wuyan riga. Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "To, wa ya bar wa?"

A daren na tura wa Yaya hoton, na roƙe shi ya nuna wa Baffa, ya kuma gaya masa na karanta. Kwana uku shiru. Da na matsa, Yaya ya yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya faɗa mini amsar. Baffa ya ce, "Ai dutsen ma yana ɗauke da ayar, bai zama malami ba."

Allah ya jiƙan Baffa, ya yi shekara shida a ƙasa yanzu, kuma na yafe masa haƙƙin dakon da na yi, kuɗin da ban taɓa gani ba. Wannan kalma ce har yau nake kokawa da ita. Yaya, na san kana karanta wannan, kuma na san za ka ce bai kamata in tona ba. Kana zaune a zauren ranar farko, ba ka ce komai ba.

Washegarin amsar Baffa, na tarar Baba ya ciro katako daga akwatin lemo, ya goge shi da takardar yashi har ya yi sumul, ya yanka masa kai irin na allon gida. Tawada ce ta ba mu wahala, sai da muka ƙona gawayi muka haɗa da ƙaro da wani ɗan Senegal ya ba mu. Daga labarin Annabi Hudu na ɗora. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai takardun.