Hanyar Cooperstown, garin da aka ɗora wa ƙirƙiro besbol

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Cooperstown, babban filin jirgin sama ma babu. Daga birnin Niyok na shiga jirgin Amtrak a tashar Penn, ya bi gefen kogin Hudson har Albany-Rensselaer, tafiyar kusan awa biyu da rabi. Mai zuwa arewa ya nemi kujerar hagu, ta nan kogin yake. A Albany sai hayar mota, don saura kimanin kilomita 110 cikin gonaki da tuddai, awa ɗaya da rabi in babu dusar ƙanƙara. Na hau babbar hanya I-88, na sauka kan hanya mai lamba 20 na yi yamma, sannan na karya kudu kan lamba 80, wadda ke bin gaɓar tafkin Otsego har cikin gari. Wanda ya taho da mota tun daga Niyok ya ƙiyasta awa huɗu.

Garin kansa ɗan mitsitsi ne. Mazaunansa ba su kai 2,000 ba, danja ɗaya ce tak a babban titi, amma nan ne gidan tarihin besbol na ƙasar Amurka da zauren gwanayensa suke. Matsala ta fari ita ce wurin ajiye mota. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba gara a bar mota a filayen da ke bakin gari, a hau 'yar bas ɗin da ke kai mutane tsakiya. Ta biyu masauki. Daga Yuni zuwa Agusta ƙungiyoyin yara 'yan shekara 12 na kwararowa gasa a filayen da ke kudu da gari, kowane yaro da iyayensa da kakanninsa, ɗakuna su ƙare, kuɗi ya tashi. A ƙarshen Yuli kuma ake bikin shigar da sababbin gwanaye. A 2007, da aka shigar da Cal Ripken Jr. da Tony Gwynn, an ƙiyasta mutum 82,000 ne suka cika garin. Mai son karanta abin da ke bango a natse ya zo a farkon Mayu ko bayan tsakiyar Satumba.

Dalilin gina gidan a nan ba gaskiya ba ne, kuma gidan bai ɓoye haka ba. A 1905 Albert Spalding, tsohon ɗan wasa da ya yi arziki da sayar da ƙwallaye, ya sa aka kafa kwamiti ya gano asalin besbol. Shi dai so yake a ce wasan ɗan Amurka ne gaba da baya, saɓanin marubuci Henry Chadwick, haifaffen Ingila, da ke cewa daga wani wasan yaran Ingila ya samo tushe. Sai wani dattijo, Abner Graves, ya rubuto cewa ya san Abner Doubleday ne ya tsara wasan a Cooperstown a 1839. Kwamiti ya karɓa hannu bibbiyu a ƙarshen 1907. To, a 1839 Doubleday yana makarantar soja ta West Point, Graves kuwa yana ɗan shekara biyar. Doubleday ya zama janar a yaƙin basasa, ya mutu a 1893 bai taɓa cewa ya ƙirƙiro komai ba. Tun 1744 wani littafin yara da John Newbery ya buga a Landan ya ambaci wasan, kuma a 1791 garin Pittsfield na Massachusetts ya yi dokar hana buga shi kusa da sabon ɗakin taro, don kada a fasa tagogi.

Wanda ya mai da tatsuniyar gini shi ne Stephen Clark, magajin dukiyar kamfanin Singer, mai keken ɗinkin nan da telolinmu suka sani. Garin na fama da talaucin shekarun 1930, yana neman abin da zai jawo baƙi. Ya sayi wata tsohuwar ƙwallo da aka tsinta a akwati a ƙauyen Fly Creek kan dala biyar, aka laƙaba mata sunan Doubleday. Ƙarama ce, ta yi baƙi, ta motse, ɗinkinta ya farke. A 12 ga Yuni 1939 aka buɗe gidan. Chadwick yana da allonsa a zauren gwanaye tun 1938, Doubleday ba shi da shi har yau.

Ana buɗe ƙofa da ƙarfe tara. Kada a faɗa zauren alluna da ke ƙasa da shiga, a fara hawa bene na biyu, inda tarihi yake a jere, sannan na uku, a sauko zauren a ƙarshe, lokacin sunayen sun zama na mutanen da aka sani. Wanda bai saba da wasan ba ya riƙe wannan: kowace ƙungiya mutum tara, zagaye tara, a kowane zagaye ƙungiya na ci gaba da duka har a fitar mata da mutum uku, maki kuma shi ne ɗan wasa ya zaga tashoshi huɗu ya dawo inda ya fara. Tsakanin tasha da tasha ƙafa 90 ce, daga mai jifa zuwa mai duka ƙafa 60 da inci 6.

Na daɗe a gaban ƙwallayen. Ta yau tana da nauyin giram 142 zuwa 149, fatar saniya biyu aka haɗa da jan zare, ɗinki 108 na hannu, a ciki zaren ulu ne aka naɗa kan ɗan curin toshiya da roba. Kafin wasa sai an goge ta da wani taɓo na gaɓar kogin Delaware, don sabuwa tana da santsi, takan kuɓuce wa mai jifa. A da ƙwallo ɗaya kan kusa gama wasa, ta sha ƙasa da yawun taba har ta yi duhu ta yi laushi, duka ba ya kai ta nisa. A Agustan 1920 jifa ta samu Ray Chapman na Cleveland a ka ya mutu. Daga nan alƙalai suka riƙa canza ƙwallo da zarar ta yi datti, a daidai lokacin da aka hana shafa mata yawu. Babe Ruth, da ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 29 a 1919, ya yi 54 a 1920, ya kai 60 a 1927.

Besbol wasan lissafi ne, shi ya sa magoya bayansa ke zuwa fili da fensir. Takardun ƙirga na da da ke cikin gilashi, tsarinsu kusan ɗaya da na yau. Kowane matsayi da lambarsa: mai jifa 1, mai cafka 2, masu tsaron tasha ta ɗaya, ta biyu da ta uku 3, 4 da 5, wanda ke tsakanin ta biyu da ta uku 6, na bayan fili 7, 8, 9. In ka ga 6-4-3, ƙwallo ta bi hannun mutum uku an fitar da biyu a bugu ɗaya. Harafin K na nufin mai jifa ya fitar da mai duka, Chadwick ne ya fito da shi. Sabon mai ƙirga yakan ba mai lamba 6 lamba 5, don a ido shi ke bin mai tsaron tasha ta biyu, sai duk takardar ta rikice. Da fensir ake yi ba biro ba, saboda mai ƙirga na hukuma kan sauya hukunci bayan zagaye.

Sashen 'yan wasa baƙar fata, wanda aka sabunta a 2024, ya fi kowane cin lokaci. Da aka rufe musu ƙofar manyan gasannin ƙasar, Rube Foster ya kafa gasarsu a birnin Kansas a 1920. Jackie Robinson, baƙar fatar da ya karya wannan shinge, ya shiga fili da rigar Brooklyn Dodgers a 15 ga Afrilu 1947, kuma tun 1997 aka daina ba kowa lambarsa 42. A Mayun 2024 aka haɗa alƙaluman gasannin baƙar fata da na manyan gasanni, sai Josh Gibson da .372 ya hau kan Ty Cobb mai .367. Wato a duka dubu Gibson ya samu 372. Mutumin ya mutu a Janairun 1947, wata uku kafin Robinson ya taka filin.

A bene na uku akwai ƙwallon da Barry Bonds ya wuce Hank Aaron da ita a yawan fitar da ƙwallo bayan katanga a 2007, ta 756. An yanka alamar tauraro a fatarta, don wanda ya saye ta ya tambayi jama'a ta intanet, suka ce a yi mata tambarin zargin shan ƙwayoyin ƙara ƙarfi. Gidan ya ajiye ta haka. Bonds ya ƙare da 762, ya fi kowa, amma ba shi da allo a ƙasa. A ganina wannan rabuwar daidai take: gidan tarihi ya ajiye abin da ya faru, zaure kuma ya jira ƙuri'a.

Ƙuri'ar ta ƙungiyar marubuta besbol ce. Sai ɗan wasa ya yi shekara goma a manyan gasanni, ya huta biyar, sannan ya samu kashi 75 cikin ɗari. Ƙasa da kashi 5 a cire sunansa, in ya shekara goma bai kai ba, sai kwamitocin tsofaffi. Biyar na farko, na 1936, su ne Cobb, Ruth, Honus Wagner, Christy Mathewson da Walter Johnson, suna can ƙuryar zaure. Mariano Rivera ne kaɗai ya cinye duk ƙuri'un marubuta, a 2019. Derek Jeter da Ichiro Suzuki kowanne ƙuri'a ɗaya ta kuɓuce masa. Allunan na tagulla ne a kan katako, an jera su bisa shekarar shiga, ba bisa harafi ba, don haka a san shekarar wanda ake nema. A duba hular Greg Maddux, babu tambari a kanta, ya buga wa ƙungiyoyin Atlanta da Chicago, ya ƙi fifita ɗaya kan ɗaya.

Yawancin baƙi ba su san da laburare ba. Cibiyar bincike ta Giamatti na da fayil na yankakkun jaridu kan kowane ɗan wasa da ya taɓa buga manyan gasanni, ko da sau ɗaya ne, ga hotuna da littattafan shekara-shekara na Spalding. Sai an nemi lokaci tun kafin zuwa, kuma a aiko da sunayen da ake so a fito da su.

Daga nan filin Doubleday tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa, yana bayan shaguna. Ban ga masallaci a garin ba, na Albany ne na kusa da na sani, sai a riƙe sallaya. Naman da ake sawa cikin burodi a shagunan titi wani na shanu ne, wani da alade, a tambaya. Shagunan na sassaƙa suna a kan kulkin besbol, na katakon mapul ko na ash. Wanda ya saya ya auna jakarsa tukuna, don na manya kan kai inci 33 ko 34, kuma jami'an filin jirgin Amurka ba sa barin sa cikin kayan hannu, sai a jakar awo.