Bututun sifili

Yau dai sun yi ja. Wata huɗu muna jiran wannan launin daga ƙwayoyin bakteriyar da muka gina don su yi ja in akwai gubar arsenik a ruwa, aikin da za mu kai iGEM, gasar ɗalibai ta duniya ta sauya halittar ƙwayoyi, tun ranar da Kaftin, shugaban ƙungiyarmu, ya zana tsarin farko a allo muka yi ta musu a kansa har aka kulle ginin. Ƙarfe bakwai da kwata na shiga ɗakin gwaji, na zura farar riga, na ciro bututan daga na'urar ɗumi, na juya su a injin wulwulawa minti biyu. Da na ɗaga murfin sai ga ƙwayoyin sun kwanta a gindin bututu, ja zur kamar an ɗiga tawada. Ni kaɗai ce a ɗakin. Na daɗe a tsaye ina alhamdu lillahi, hannuna na rawa a cikin safa.

Bututu shida na jera jiya da yamma: sifili, 5, 10, 50, 100 da 500, wato mikrogram na arsenik a kowace lita. Suka kwana awa 16 a zafin digiri 37. Na 500 ya fi kowa rinewa, na 100 na bi masa. Sai na ɗauko su biyun, na ɗauko wani bututu daban na E. coli, wato irin bakteriyar da muke aiki da ita, wanda ba mu saka masa komai ba, mai gindi fari sol, na jera su uku a kan farar takarda, na ɗauki hoto na tura wa 'yan ƙungiya. Kafin minti biyar waya ta ɗauki zafi. Kaftin ya ce yau ba zai iya zama aji ba. Sarkin Lissafi, da ba ya magana sai da dalili, ya turo saƙon murya yana dariya.

Ajin ƙarfe tara. Ban ji ko kalma ɗaya ba.

Wajen sha ɗaya Auta ta shigo wankin kwalabe. Ta leƙa ma'ajiyar bututan, ta duba hoton a wayarta, ta sake leƙawa, sannan ta ce, "Yaya, ina na sifilin? Ban gan shi a hoto ba."

Na sifilin yana nan inda na bar shi. Na gan shi tun da safe. Ruwan hoda ne, ba fari ba. Ba a ɗiga masa arsenik ko ƙwayar zarra ba, amma ƙwayoyin cikinsa sun fitar da launi. Abin da ya fi muni, in ka ajiye shi kusa da na 5 da na 10 ka kawar da kai ka dawo, ba za ka iya cewa ga wannan ga wancan ba. Kuma 10 ɗin nan ita ce duk maganar. Ita ce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa arsenik a ruwan sha, mikrogram 10 a lita. Abin da muka rubuta a takardar aikinmu shi ne za mu gina ƙwayar da za ta gaya wa mutum ko ruwan rijiyarsa ya haye wannan iyakar. Ƙwayar da muka gina kuwa tana ihu a 500, amma a wurin da ake buƙatar bakinta, ruwa mai kyau da ruwa mai guba duk amsa ɗaya take ba su.

Na san dalili, shi ya sa abin ya fi cina. A cikin ƙwayar akwai wani furotin mai suna ArsR, kamar mai gadi ne zaune a bakin ƙofar DNA, wato kundin umarnin ƙwayar. In arsenik ya shigo ya maƙale masa, sai siffarsa ta sauya ya saki ƙofar, a karanta abin da ke bayanta, mu kuma a nan muka ajiye umarnin yin jan furotin. To amma umarnin yin shi kansa mai gadin a bayan wannan ƙofar yake. Dole ƙofar ta riƙa buɗuwa kaɗan-kaɗan, in ba haka ba masu gadin su ƙare. Duk sanda ta ɗan buɗe, ja na silalowa. Dokta, malamar da ke kula da aikinmu, ta faɗa mana wannan tun a watan farko, har ta ce mu yi tunanin ƙara wa ArsR wurin zama na biyu a gaban ƙofar. Muka ce sai mun ga launi tukuna.

Injiniya ya iso bayan azahar da kwamfutarsa, ya riga ya ɗora hoton nawa a saman shafin sakamako na intanet da alƙalan gasa za su duba, ya yi masa rubutu mai kyau a ƙasa. Na ce masa ya sauke. Ya ce don me. Na miƙa masa na sifilin. Ya ɗaga shi sama yana kallo ta hasken taga, ya daɗe, sannan ya ce, "Ke fa, wace ƙarya ce a hoton nan? Farin E. coli ne, jan na 100 ne da na 500. Ko akwai abin da aka rina da kwamfuta?"

Na ce babu.

"To mene ne? Saura kwana 11 a kulle shafi. In kin ce a sake gini, yaushe za a yi odar guntun DNA, yaushe zai iso, yaushe za a haɗa, a zuba a ƙwaya, a tantance? Ƙungiyoyi ɗaruruwa ne za su hallara a Paris wurin babban taron gasar. Wasu na da injinan da mu a hoto muke ganinsu. Kina so mu je mu tsaya gaban alƙalai mu ce ga abinmu amma yana yoyo?"

Na ce masa farin bututun nan ba shi ne abin kwatance ba, kuma shi ma ya sani. Duk wanda ya kalli hoton zai ɗauka haka ƙwayarmu take in babu arsenik, fari tas, alhali wata ƙwaya ce daban wadda ko umarnin ja ba ta ɗauke da shi. Ya ce a ƙasan shafi za a iya sa ƙaramin bayani. Na ce wa ke karanta ƙasan shafi. Ya ce alƙalai. Na ce su ma ba su nake ji ba.

Gaskiya ba su nake ji ba. Abin da ke raina shi ne rumbun sassan nan na iGEM, inda ake tara bayanan guntayen DNA a intanet. Duk guntun da ƙungiya ta gina sai ta yi masa shafi da lamba, ya zauna nan bayan an gama gasa an watse. Mu kanmu daga can muka ɗauko jan furotin ɗin, muka yarda da abin da wasu ɗalibai da ba mu taɓa gani ba suka rubuta a kansa. Sau nawa muka buɗe shafin wani guntu muka tarar da hoto ɗaya mai kyau ba awo ba bayani, muka ɓata mako biyu kafin mu gane ba ya aiki yadda aka nuna? Injiniya da bakinsa ya yi ta faɗa a kan haka a watan Yuli. Na tuna masa. Ya yi shiru, ya ce wannan daban. Ban ga bambancin ba.

Sai ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni har yanzu. Ya rufe kwamfutar a hankali ya ce, "Ai ba ni na ɗauki hoton ba."

Bai faɗa da zafi ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ba wanda ya ce in zaɓi farin bututu. Ba kowa a ɗakin. Na ga ruwan hodar da idona, hannuna ya wuce ta kansa ya ɗauko wani. Ban zauna na ƙulla zan ɓoye komai ba, abin bai ma kai ga tunani ba, cikin daƙiƙa biyu ya faru, kuma wannan ne ke tsorata ni. Da a ce na yi shawara da zuciyata na yanke in yi ha'inci, da na san inda zan kama in gyara. Amma son ganin abin ya yi aiki ne ya riga ni isa ma'ajiyar bututan. Da Auta ba ta tambaya ba, ban san zuwa yaushe zan bar hoton yana yawo ba. Wataƙila har Paris.

Na so in ce masa lambar yabon gasar nan ba tsere ba ce, duk ƙungiyar da ta cika sharuɗɗa tana samun tata, kuma cikin abin da ake dubawa har da yadda kuka tsara, kuka gina, kuka gwada, kuka koyi wani abu kuka sake tsarawa. Yoyon nan da kansa labari ne da za a iya bayarwa da kai a ɗage. 'Yan jami'ar Edinburgh sun gina ma'aunin arsenik tun a gasar 2006, shekara uku kacal bayan an fara iGEM a matsayin ɗan gajeren kwas a jami'ar MIT ta Amurka, saboda haka ba wanda zai yi mamakin ganin ja. Abin da zai amfani wani shi ne adadi: nawa ne yoyon, a ina launi ke fara rabuwa da na sifili. Amma ban faɗa ba. Bayan waccan maganar tasa sai na ji ba ni da bakin yi wa kowa wa'azi.

Ya tafi bai sauke hoton ba, bai kuma ce ba zai sauke ba.

La'asar: takardar kiyaye haɗari, sashen da ke tambayar yadda za mu tabbatar ƙwayar ba ta fita ɗakin gwaji ba. Sharar arsenik a jarkarta daban, tunda tukunyar tururi ƙwaya take kashewa, ba ta taɓa arsenik. Auta ta manna mata sabuwar takarda. Ba ta ƙara ta da zancen safe ba, sai dai duk sanda na ɗago sai in ga ta sunkuyar da kai, kamar ita ta yi laifi. Na ce mata ta kyauta da ta tambaya. Ban tabbata ta yarda ba.

Sarkin Lissafi ya ce in an samu awon haske na gaske, ba na ido ba, zai iya duba ko 10 ta bambanta da sifili ko da kaɗan. Yana son kowane bututu sau uku.

Kafin in fito na shuka sababbi 18, kowane mataki uku, na rubuta lambobinsu da baƙin alƙalami a murfi da gefe. Na ɗauki hoton na yau su shida a jere, na sifili a farko, na tura wa ƙungiya da Dokta, na rubuta a ƙasa cewa hoton safe bai nuna na sifili ba kuma ni na cire shi. Kaftin ya karanta, alamar ta nuna. Injiniya ma. Dokta tana taro, sai gobe.

Yanzu sha ɗaya da rabi. Ba wanda ya ce komai. Na buɗe shafin sakamako sau huɗu, hoton safe na nan a sama. Na sa ƙararrawa ƙarfe shida, bututan za su cika awa 16 da bakwai da minti goma.